Ranar da Alƙalami Ya Yi Rubutu da Kansa

Wadda ta fara ganin motsin cikin ƙasa da idonta a gidan Mai Agogo ita ce matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ranar wata Talata da hantsi, a shekarar da aka sake wa kicin rufi. Shi maigidan yana kasuwa a lokacin, ko da yake maƙwabta ba su cika faɗin haka ba, sun fi cewa shi ya fara gani.

Asalin maganar ɗakin ajiya ne. Tun da mahaifin Mai Agogo ya gina gidan ba a taɓa mallaka wa mutum guda wannan ɗaki ba, na tsofaffin katifu ne da tukwanen da ake jin nauyin yarwa. Inna ta daɗe da sa masa ido, domin keken ɗinkinta yana falo, baƙi sai sun tsallake ƙyalle kafin su samu kujera. Ana nan sai Auta, 'yarsu mai karatun ilimin duwatsu a jami'a, ta zo hutu, ta ba mahaifinta labarin na'urar da ke jin girgizar ƙasa daga nesa. Mutumin da ya tsufa a kan gyaran agogo ba a ba shi irin wannan labari ya zauna lafiya. Kafin hutun ya ƙare sun kafa wani abu a kan simintin ɗakin: sandar ƙarfe mai lilo kamar ƙyauren lambu, da curin dalma a bakinta, da maganaɗisu, da 'yar na'urar da ke ƙara wa motsi ƙarfi, sai alƙalami a kan takardar da injin tsohon agogon bango ke juyawa.

Daga nan gida ya shiga doka. Ba a buga ƙofa, ba a jan kujera, keken ɗinki kuwa ko kusa da bangon ɗakin ba ya zuwa.

"Malam," in ji Inna wata rana, "tun da aka kafa abin nan, ba abin da ya rubuta sai tafiyata da wucewar manyan motoci."

"To kin gani? Yana ji ke nan."

"Yana jin gulma dai."

A nan suka yi yarjejeniya: idan wata ya ƙare ƙasa ba ta ce komai ba, ɗaki ya zama na Inna.

Wata yana dab da ƙarewa a wannan Talata, saboda haka da maigida ya fita sai ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta shiga ta auna inda keke zai zauna. Tana durƙushe a gindin taga ta ji wani abu yana ƙar-ƙar. Da ta waiwaya, alƙalami ne ke karkarwa. Ta ɗauka ita ce, sai ta tsaya cak, ta riƙe numfashi. Bai daina ba. Ta kasa kunne waje, babu mota, babu ko akuya. Can ya lafa, ta ce a ranta madalla, ta koma aunawa, har ta gama lissafin labule da wurin tebur.

Sai ya sake tashi, amma ba irin na farko ba. Yanzu a hankali yake tafiya, ya kai gefen takarda ya dawo, kamar hannun babban mutum yana sa hannu. Ƙarƙashin ƙafarta kuwa ba ta ji komai ba.

Ta san lissafin sarai. Idan ta yi shiru, Malam zai ga sawunta a ƙura ya ce ita ta girgiza masa kaya, ya yi faɗansa ya gama, ɗaki kuma ya zama nata. Har ta kai bakin ƙofa. Sai ta tsinci wayarta a kunne.

"Auta! Abin babanki yana rubutu!"

"Inna, me ya kai ki ɗakin Baba?"

"Bar wannan tukuna, 'yar nema. Ya yi ƙanana ya huta, yanzu ga shi yana manya-manya, ni kuwa ko motsi ban yi ba!"

Auta ta ce a ba ta minti ɗaya ta duba, sai Inna ta ji ihun da ya sa ta janye wayar daga kunne. An yi babbar girgiza a ƙarƙashin teku, can a wani ɓangaren duniya.

"An rasa rai?"

"A'a, tsakiyar ruwa ne, babu gari kusa."

"Alhamdu lillahi. To yaya aka yi ta san gidanmu?"

"Inna, ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne. Manyan falle-falle ne a kan dutse mai zafi, suna tafiya a hankali kamar tsiron farce. Inda biyu suka haɗu, ɗaya na son shiga ƙarƙashin ɗaya, sai su maƙale shekara da shekaru, rannan kuma su suɓuce."

"Kamar ƙyalle biyu su tattare a bakin allura, sai zare ya tsinke."

"Yauwa! Ƙananan da kika fara gani ta can cikin ƙasa suka ratso, shi ya sa suka riga isowa. Manyan nan ta saman ɓawo suka zagayo."

Inna ta dubi simintin da ta yi shekaru tana sharewa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ba ta san dalili ba.

Da ta ji muryar maigida a ƙofar gida, da takalmi ɗaya ta tare shi.

"Malam, ajiye kayan nan! A hankali! Cire takalmi!"

"Lafiya? Mene ne tef a wuyanki? Kin shiga ɗakin, ko?"

"Na shiga, kuma gara da na shiga. Taho ka gani, amma kar ka taka da ƙarfi."

Tun aurensu ba a taɓa jin Inna ta ce wani ya yi tafiya a hankali ba. Mai Agogo ya shiga da sanɗa, ya durƙusa, ya sa tabarau ya cire ya sake sawa. Alƙalami na ta lilonsa, yana raguwa kaɗan-kaɗan. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dube ta.

"Kin san kin sha kaye a yarjejeniyar nan?"

"Na sani. Matsa, ka tare mini."

Ga abin da aka samu a wannan rana. Mai Agogo ya riƙe ɗakinsa. Auta ta samu labarin da ta kai wa malamanta. Keken ɗinki bai bar falo ba. Inna kuwa ta karɓi makulli na biyu, da hujjar cewa ita ce ke wuni a gida, ta kuma yanke wannan takarda da almakashinta, ta naɗe, ta ajiye a akwatin da take ajiye zannuwan da ba ta ba da aronsu.