Rabin Wasa, Ƙwallo Biyar

"Sake rabawa," in ji Mai Littafi.

Auta, 'yarsa, ta sake danna kalkuleta, ta karanto masa abin da ta karanto ɗazu. Lissafi ba ya canja magana don mai shi yana kwance. A kowane wasa ɗari, an zura wa marigayi Dogo ƙwallo casa'in da biyar. An zura wa Gola casa'in da shida.

Gola na zaune a kujerar roba gefen gadon, hularsa a gwiwa, yana jin ana auna shi kamar kayan awo. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar tsaron raga tun kafin a haifi Auta, amma sunan ya manne masa, har masu kawo masa gyaran rediyo ba su san yana da wani ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Mai Littafi, tsohon ma'aikacin ofishin ƙididdiga, wanda ya yi wa ƙungiyar ƙwallon garin sakatare shekara arba'in da 'yan kai. Kundi goma sha tara ya cika a wannan aikin, suna jere a kanta bisa kan gadon, inda wasu ke ajiye hoton iyayensu. Duk wasan da aka buga yana ciki: wa ya ci, wa ya bayar aka ci, wa aka kora, a minti na nawa.

Bana kwamitin ƙungiya ya gina sabuwar katanga a filin wasa, ya yanke shawarar a rubuta mata sunayen gwanaye goma sha ɗaya na tarihin ƙungiyar gaba ɗaya. Da yake babu ɗan kwamitin da zai iya tuna sakamakon makon jiya, sai suka ɗora wa Mai Littafi zaɓen. Ya fitar da goma, ya rubuta su da biro a takarda guda. Lamba ɗaya, ta mai tsaron raga, ita ce ta rage, sunan Dogo na wurin da fensir. Mai fenti zai hau tsani ranar Asabar. Likita kuwa ya riga ya sallamo Mai Littafi gida, irin sallamar da ba ta warkewa ba.

Gola ya san ya fi Dogo. Bai taɓa shakka ba ko sau ɗaya. Dogo tsawo ne da shi, sai shawagi don 'yan kallo su tafa. Shi kuwa tsayuwa ya iya, yana sanin inda ƙwallo za ta bi tun tana ƙafar mai ita. Ya kuma san daga ina wannan ƙwallo ɗaya ta bambanci ta fito. Mutum biyu kaɗai suka rage a duniya da suka san haka, kuma duk suna cikin ɗakin.

Shekara arba'in da biyu ke nan, sun je wasa wani gari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. An tafi hutun rabin lokaci babu ci. Nan wani ya iso a jiƙe da saƙo: matar Gola tana asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ƙungiyar ba ta je da gola na biyu ba, kuma in aka sa wanda ba shi da rajista, an rasa makin wasan har da biyan tara. Koci ya duba ɗakin, idonsa ya tsaya a kan sakatare, wanda tsawonsu ɗaya da Gola. Aka cusa masa riga mai lamba ɗaya, aka danna masa hula har gira, aka shafa masa taɓo a fuska. Gola ya fice ta ƙofar baya da rigar sakatare.

Ya iske matarsa da rai. Jaririn bai zo da rai ba. Ya riƙe hannunta har yamma, kuma ta ƙara masa shekara talatin da ɗaya tana tuna masa cewa ya zo. A can fili kuwa, sakatare ya karɓi ƙwallo biyar cikin minti arba'in da biyar. Da ya dawo gida ya buɗe kundinsa ya rubuta su a ƙarƙashin lamba ɗaya, don ƙa'idar littafinsa riga take bi, ba fuska ba.

Tun daga ranar ba su taɓa tayar da maganar ba. Sun yi musu a kan komai, daga siyasa har reshen bishiyar da ke zuba ganye a tsakar gidan Gola, ban da wannan. Ta yaya za ka ce wa mutumin da ya sa rigarka don ka je wurin matarka ya dawo ya tona kansa? Koci ya mutu, 'yan wasan sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da matar Gola ta rasu, ƙungiya ta aiko da takardar ta'aziyya ɗauke da sunan wani daban. Mai Littafi ne ya zauna da shi kwana bakwai, har ya gyara masa kwanan watan da ke jikin takardar.

Ranar Laraba Gola ya rufe shago da wuri, ya shiga gidan Mai Littafi da niyyar magana. Ya tarar ana juya majinyacin, ya ga yadda ƙafafunsa suka koma kamar sanda, sai ya yi zancen zafin gari ya fito. Ranar Alhamis ya tarar da shugaban kwamiti ya zo dubiya da lemo a leda, yana tambayar Auta a ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa, ko takardar ta kammala, kada abu ya faru. Auta ta ce masa mahaifinta bai mutu ba tukuna, in ya mutu za a sanar da shi kafin mai fenti.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ta leƙo ta saman katanga ta ce Baba na kira.

An jingina shi da matasai uku. Numfashinsa na fita da ƙara, kamar rediyon da ya rasa tasha. Takardar na kan cinyarsa, biro a gefe. Gola ya zauna, ya dubi hannun nan da ya cika kundi goma sha tara yana kwance a kan bargo, sai duk jawabin da ya shirya ya zube.

"Bi Dogo da biro kawai," ya ce. "Ka huta. Ya mutu, 'ya'yansa za su ji daɗi."

Mai Littafi ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya ba ka ƙuri'a? Ba zaɓe ake yi ba."

Ya sa Auta ta sauko da kundi na huɗu, ya gaya mata shafin ba tare da ya duba ba. Takardar ta yi kumburin tsohon ruwa. Ya ce ta ja layi a kan biyar ɗin nan, layi ɗaya siriri, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Sannan ta je ƙarshen kundi na goma sha tara, inda ya jera masu tsaron ragar ƙungiya su goma sha huɗu, ta buɗe layi na goma sha biyar. Ta tambaye shi sunan wa. Ya faɗi nasa, cikakke, har da na kakansa.

Auta ta ɗago kai. "Baba, kai ka taɓa tsaron gida?"

"Na tsaya a wurin. Tsaro kam ban yi ba. Rubuta: rabin wasa, ƙwallo biyar."

Ta rubuta tana kallon su biyun, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo cire wa Gola wasan daga jimlarsa, ta cire guda. Mahaifinta ya ɗaga yatsa. Rabi, ya ce; rabin farko shi ya tsare, kuma ba a ci shi ba, ba za a ƙwace masa ba. Ta gyara, ta raba. Casa'in da huɗu.

"Sake rabawa."

Casa'in da huɗu.

Mai Littafi ya goge sunan Dogo da kansa. Gogewar ta ɗauke shi lokaci, ba wanda ya taya shi, don sun san halinsa. Ya hure ƙurar roba, ya rubuta sabon suna da biro, haruffan na gangarowa kamar za su faɗo daga layi. Ya ce wa Gola kada ya kumbura, da ƙwallo ɗaya ya wuce, kuma har gobe bugun da yake yi daga gida ba ya kai tsakiyar fili.

Gola ya daɗe yana murza bakin hularsa. Ya ce an ba shi labari ƙwallo ta uku tsakanin ƙafafun Mai Littafi ta bi.

"Ta huɗu ce," in ji Mai Littafi. "Ta uku ni na tura ta da hannuna."

Dariya ta kama shi, ta koma tari, Auta ta tallafe shi ta ba shi ruwa a cokali. Da ya lafa, sai ya tambaya, idonsa a rufe, ko Gola ya isa asibitin a kan lokaci ranar nan. Shekara arba'in da biyu bai tambaya ba. Gola ya ce ya isa. Mai Littafi ya gyaɗa kai, kamar wanda jimlarsa ta fito daidai.

Ya cika washegari da safe, rana ta ɗan ɗaga, Auta na shanya zanen gadonsa a igiya. Kafin a ɗauke shi ta aika wa kwamiti takardar, ta ce mai fenti ya yi aikinsa, mahaifinta ba ya son a ɗaga rana.

Gola bai je ganin katangar ba sai bayan mako guda. Masu kawo gyara suka yi ta ba shi labari: sunansa ne a sama, da shuɗin fenti, harafi ɗaya ya ɗan karkace. Ya je, ya duba, ya ga ɗan gaban da aka sa a lamba tara bai cancanta ba, ya juyo zai faɗa, babu wanda zai faɗa wa.

Da yamma Auta ta shigo masa da kundi na goma sha tara, ta ce Baba ya ce a ba shi. Ya fitar da kujerun roba biyu ƙofar gida kamar kullum, ya zauna a tasa, ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora a ɗayar. Sunansa ya koma layin farko, na maƙwabcinsa a na ƙarshe. Iska ta taso tana neman juya shafin, sai ya cire hularsa ya danne shi da ita.