Zakaran Maraɗi

Da aka kore mu daga ƙauyenmu na wajen Daddara, mata sun ɗauko tukwane da katifa, ni kuwa kajina na cusa a kwando. 'Yan gajeru ne, wake-wake, irin kajin Innarmu. Ita ta ba ni uwarsu ranar da na tare, kuma bayan ta rasu ba ni da wani abu nata sai su. Niyyata in ƙura ta lafa in koma da su gida.

A Jibiya na sauka gidan ƙanena Ɗantala, wanda ke jigilar kaya a babur tsakanin nan da Maraɗi. Yaron da na goya har bayana ya yi kanta, yanzu shi ne maigida, ni ce baƙuwa. Ya ba ni ɗaki da lungun bayan madafa, kajin suka saba, har biyu suka fara kwanci.

Ran wata Lahadi sai ga shi da zakara ɗaure a bayan babur, jibgege, ja, ƙafafu kamar muciya. Wai wani Maɗugu direba ya ba shi a bakin iyaka, irin na Turawa ne, zai gyara mini irin waɗannan 'yan tsakin da nake kira kaji. Tsohon zakarana kuwa a ranar ya sa aka yi farfesunsa, don a cewarsa gida ɗaya ba ya ɗaukar zakara biyu. Raina ya ɓaci, amma na ci, na kuma yi godiya.

Abu ɗaya ne ban yarda in bari ba. A wurinmu baƙon kaza ba a sakinsa cikin kaji. Ɗaure shi ake yi da tsumma a ƙafa, can nesa, da kaskon ruwansa daban, a zuba ido a ga kashinsa da yadda yake cin tsaba. Wannan kuwa ya kwana cikin kejin kasuwa da kajin gari goma. Na ɗaure shi a gindin dalbejiya na kife masa kwando.

Ɗantala ya dawo ya gani, sai ya ɗauka cin fuska ne.

“Yaya, kyautata ta kika kihe kamar ɓarawo? Mi ag gare shi?”

Na ce al'ada ce kawai. Ya ce al'adar ƙauye ta tsaya a ƙauye, nan gidansa ne. Ya ɗage kwandon, ya sa wuƙa ya yanke tsumman. Ina tsaye ina kallo zakaran ya nufi kaskon kajina ya tsoma baki. Wanda ke cin tuwon wani ba ya ɗaga murya, don haka na shige ɗaki.

Kafin Juma'a ta zagayo, kaza ta farko ta fara gyangyaɗi da rana tsaka. Sai zawo kore, sai wuya ya murɗe. Na jiƙa barkono da ɓawon maɗaci, na ɗura musu, na sayo ƙwayar magani a kasuwa, duk a banza. Masu kwancin suka tashi daga kan ƙwai, ƙwan ya ruɓe. Shi kuwa gogan ko tari bai yi ba, yana ta cara a kan katanga.

Kada su zama mushe, duk wadda ta langaɓe sai in kira Ɗantala ya yanka. Ni nake riƙe masa ƙafa da fiffike, ni nake fige su, ni nake dafawa. Ta ƙarshe 'yar budurwa ce da ko ƙwai ba ta taɓa yi ba. Na fige ta ina kuka, ban ɓoye ba, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili.

Da azahar na kai masa akushi a zaure. Ya cinye, ya tauna ƙashin, ya siɗe yatsu. Da na je ɗaukar kwanon ya dube ni da fara'arsa.

“Wallahi Yaya, kajin Daddara ba su da na biyu wajen daɗi. Akwai saura?”