Lulluɓin da Goggo Ba Ta Ɗinka Ba

Ranar gwaji na biyu, zif ɗin farar rigar ya ƙi hawa. Goggo mai ɗinki ta ja a hankali, ta sake ja, ya cije daidai ƙugu. Ta zagaya tef ɗin awo ta auna cikin yarinyar, ta duba.

Kurciya ake kiran yarinyar, saboda muryarta a ƙungiyar mawaƙan coci. 'Yar ƙanen Goggo ce. Tun rasuwar uwarta a shagon nan ta tashi, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye. Tun ranar da aka yi baikonta da wani makanike Goggo ke tattalin yadin wannan rigar aure.

"Ƙiba na yi, Goggo," in ji Kurciya da dariyar yaƙe. "Ke ce da ɗura wa mutum abinci kamar za a kai shi kasuwa."

"Wace irin ƙiba ce ta bar wuya da damtse ta tare wuri guda?"

Dariyar ta ɗauke. Goggo ta tura ƙofar shago, ta zare allurar da ke bakinta ta soke a ɗankwali.

"Ya sani?"

"Ya sani. Shi ya ce mu yi shiru har a ɗaura."

A cocinsu ba a hana irin wannan amarya aure. Ita da angon za su faɗa wa fasto gaskiya, a yi musu addu'a, amma ba ta sa lulluɓi. Da fuska a buɗe take shiga, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi.

"Ai mijina ne, Goggo. An yi baiko."

"Baiko alkawari ne, 'yata, ba aure ba. Maganar Allah ta ce a girmama aure, a tsare shi da tsarki. Abin da ya faru ya faru, kuma akwai gafara. Riga zan buɗa miki, na bar rara a ɗinkin. Amma lulluɓin nan shaida ce a gaban Allah, ba zan ɗinka ƙarya da hannuna ba. Mu je wurin fasto, ni zan fara shiga."

"In zama abin hirar matan zumuntar coci? Waɗanda ko mura na yi sai sun tattauna?"

"Daga bakina dai ba mai ji."

Kurciya ta tuɓe rigar ta jefa kan tebur. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Da uwata na da rai, da ta ɗinka."

Goggo ta daɗe zaune, ƙafarta a kan keke, ba ta taka ba. Ita ta yaye yarinyar nan, ita ta goya ta lokacin ƙyanda. Daga baya ta ɗauki reza ta farke gefen rigar, ta buɗa shi yadda ba mai ganewa. Yadin lulluɓin kuwa ta bar shi a ninke.

Washegari Kurciya ta zo ta kwashi rigar da yadin, ko gaisuwa babu.

Ranar aure wata ce daban ta zauna a kujerar uwar amarya. Goggo ta sami wuri a bencin baya. Daga nan ma tana hango bakin lulluɓin a karkace, ɗinkin gaggawa na wani shago. Da ango ya ɗaga shi, coci ya kaure da tafi. Idon Kurciya ya bi layi-layi tana murmushi, da ya iso kan Goggo sai ya tsallake.

Goggo ta sunkuyar da kai ta roƙa musu jinƙai, ta roƙa wa kanta ma, don ba ta san ko ta iya faɗin gaskiyar yadda ya kamata ba.

Ran Litinin ta buɗe shago. Kujerar da Kurciya ke zama tana sa maɓalli tana nan a lungu. Ƙarƙashin tebur Goggo ta tsinci ragowar farin yadin. Ta kakkaɓe shi, ta shimfiɗa, ta fara yanka 'yar rigar jariri, ba ta san ko za a karɓa ba.