Dikon na Uku

Hantsi ya yi kafin Hadush ya kai baƙinsa gindin dutsen. Su biyu ne, Rolf da matarsa Ute, Jamusawa, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan yana yawo da su. Sun fara da ƙauyukan kudu, sannan suka hauro arewa ganin coci-cocin da aka sassaƙa cikin duwatsu. Wannan na Mika'ilu da ke saman Adi Tsalka ba ya cikin tsarin tafiyar. Hadush ne ya cusa shi, don yau ce ranar idin cocin, kuma garinsu ne. Rabonsa da hawa dutsen shekara tara: bakwai yana karatu a Jamus, biyu yana jan baƙi daga Addis.

Ya sa suka cire takalma. Ƙafarsa ba ta manta ramukan da ke jikin dutsen ba. A bango na ƙarshe, inda igiyar fata take reto, Rolf ya hau da ƙarfin damtsensa, Ute kuwa sai da aka ɗaure ta aka ja.

A sama babu ganga, babu waƙa. Mutane sun fi ɗari biyu, zaune cikin fararen mayafai, ba wanda ya sa ko ruwa a baki tun jiya. Tulunan giyar sha'ir da kwandunan wainar injera suna rufe a inuwa, suna jiran a tashi daga kidase, babbar sujadar da ake raba jibi, wato gurasa mai tsarki, a cikinta. Kidasen kuwa ko farawa ba a yi ba.

Aboy Gidey, tsohon maƙwabcinsu, shi ya fara ganinsa.

"A'a! Jama'a, ga Bajamushe ya kawo mana danginsa."

"Ina kwana, Aboy Gidey."

"Kun ji? Ashe bakin bai mutu ba. Da muka binne ubanka mun ɗauka an yanke maka harshe a can, ko gaisuwar mutuwa ba mu ji ba."

Hadush ya wuce shi. Uwarsa, Adey Letekidan, tana zaune kusa da ƙofar mata, ta jingina da dutse, sandarta a cinya. Da sassafe maza huɗu suka jawo ta da igiya. Shekara guda tana shirin wannan rana. Ta tuba gaban firist, ta yafe wa waɗanda take gaba da su, har da wata Abrehet da suka yi shekara talatin ba sa magana a kan iyakar gona. Abin da take so ɗaya ne, ta karɓi jibi a nan, inda mijinta yake kwance a kogon bayan coci. Kowa ya san jikin nan ba zai sake jure igiya ba.

Ya durƙusa ya sumbaci gwiwoyinta. Ta lalubi fuskarsa, don idanun sun yi hazo.

"Ka yi ƙiba," ta ce.

Bayansa ya ji ƙarar kyamara. Kafin ya juya, Ute ta sunkuya da murmushi ta ajiye takardar kuɗi ta birr goma a cinyar tsohuwar. Shi ya koya mata haka a kudu: in kin ɗauki fuska, ki biya, kada a yi rigima. Ya faɗa musu hakan a gaban uwayen wasu, bai ji komai ba.

"Mene ne wannan?" in ji Adey Letekidan.

"Sadaka ce ga coci, Adey."

"Ƙarya yake yi," Aboy Gidey ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Kuɗin fuskarki ne, Letekidan. Sana'ar ɗanki ke nan. Ya gama sayar da uwayen mutane, ya zo kan tasa."

Tsohuwar ta sa bakin sanda ta ture takardar. Iska ta ɗauke ta, ta yi ƙasa da ita. Ute ta tambayi ko ya yi kaɗan ne. Hadush ya ce ta mayar da kyamarar jaka.

A nan yayansa ya fito daga coci. Keshi Weldu, firist kamar ubansu, da rawani fari da gicciyen ƙarfe a hannu. Bai miƙa wa Hadush gicciyen ya sumbata ba. Ya kama shi a gwiwar hannu ya ja shi bayan coci, inda aka rataye faffaɗan duwatsun da ake bugawa a maimakon ƙararrawa.

"Ka ga mutanen nan? Tun fitowar rana suke zaune. Firist biyu, dikon uku masu taya su, in babu biyar babu kidase, ka sani. Na ukunmu ya bi hanyar Saudiyya watan jiya. Wanda aka ara mana daga ƙetaren kwari ya aiko ɗazu, zazzaɓi ya kayar da shi."

"To?"

"To me? Kana shekara goma sha biyu bishop ya ɗora maka hannu ya naɗa ka dikon. Ni na raka ka, kwana biyu a ƙafa, kana kukan ƙaya."

"Yaya, ka san ba zai yiwu ba."

Dikon da ya san mace ba tare da auren coci ba ya karya dikancinsa. Ba ya wuce labulen wuri mai tsarki, ba ya taɓa gurasar jibi, kuma kidasen da ya tsaya a ciki, a wurin mutanen Adi Tsalka, ba kidase ba ne. Hadush yana da 'ya a Jamus, shekararta huɗu, uwarta ta kama gabanta tuni. Ya rubuto wa Weldu wasiƙa a kan haka, ya roƙe shi kada tsohuwa ta ji.

"Ni ban san komai ba," in ji Weldu.

"Na rubuto maka."

"Akuya ta cinye wasiƙar. Saurara. Zan tambaye ka gaban jama'a, ka ce e. Ni na tambaya, an amsa min, hannuna a wanke. Zunubin naka ne. Ka saba ɗaukar kayan Turawa, ɗauki wannan ma."

"Kai fa firist ne."

"Ni ne na haƙa kabarin ubanmu. Ni nake goya tsohuwar can zuwa bayan gida. Kai me ka taɓa ɗauka a gidan nan? Kalma ɗaya nake nema, ɗan boko. Ko ita ma sai an biya ka?"

Hadush ya dubi duwatsun da ke reto. Ya daɗe da daina yarda cewa akwai wani abu a bayan labulen in ban da allon katako da ƙura. Jibin kuwa gurasa ce da ruwan busasshen inabi. Idan ƙarya ɗaya za ta sa tsohuwa ta sauka da kwanciyar rai, ai ta yi araha. Ya yi wa baƙi ƙaryar da ta fi wannan a kan shekarun zane-zanen bango.

Suka dawo. Weldu ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga gicciye, wurin ya yi tsit.

"Hadush ɗan Keshi Mebrahtu, dikancinka yana nan, ko ka karya shi?"

"Yana nan."

Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata. Aboy Gidey ya yi tsaki ya ce, "Shekara bakwai a ƙasar da mata ke yawo da ɗan kamfai? To, Allah mai iko." Amma shi ma ya miƙe, yunwa ta ci ƙarfin gardamarsa. Keshi Berhe, firist na biyu, tsoho tukuf, ya fito da rigar dikon, ja mai zaren zinariya da ya koɗe. Aka zura wa Hadush. Warin turare da gumin mutanen da suka mutu ya cika masa hanci. Rolf ya tafa hannu, yana cewa ashe ɗan rakiyarsu babban malami ne bai faɗa ba.

"Ku kawo min shi," in ji Adey Letekidan.

"Adey, rana ta yi," Weldu ya ce. "Bayan an tashi."

"Da kai nake? Na ce a kawo min shi."

Hadush ya je ya tsuguna. Ta kama gefen rigar ta murza tsakanin yatsu. Ba ta rage murya ba, tsufa ya hana ta sanin ƙarfin muryarta.

"Yayanka ya tambaye ka don kunnen mutane. Ni don bakina nake tambaya. Gurasar da za a sa min, hannunka zai ɗauko ta."

"Na amsa, Adey."

"Ka amsa da sauri. Tun kana ƙarami, in gaskiya ce sai an jira ka, in ƙarya ce kafin a rufe baki ka ba da amsa. Yanzu ka yi a hankali, ba inda za ni."

Ya buɗe baki. Kalmar da ta fita salin-alin gaban mutum ɗari biyu ta ƙi fita gaban mutum ɗaya. Ya ji idon Weldu a ƙeyarsa. Ya ji matan da ke kusa sun daina motsi.

"Ina da 'ya."

"Da aure?"

"Babu aure."

"An yi mata baftisma?"

"A'a."

Ta saki rigar, ta goge yatsunta a mayafi.

"Cire."

"Adey, ki bari a yi. Laifin a kaina yake, ba a kanki ba. Ke dai ki karɓa. Wa zai..."

"Na yafe wa Abrehet gonar da ta cinye min don in haɗiyi ƙarya? Cire rigar ubanka, kada in sa a cire maka."

Bai san ta ubansa ba ce. Ya tuɓe ta ta ka, zaren ya maƙale a maɓallin rigarsa, sai da ya fizge. Keshi Berhe ya karɓa da yatsu biyu, ya shiga da ita, ya fito, ya ja ƙofar, ya zura dogon mabuɗin katako.

Sai wurin ya ɓarke. Wata ta ce tun da ya hau ta ga alamar a tafiyarsa. Wani ya ce a jefa shi ta inda kuɗin Baturiyar ya bi. Wani ya tofa yawu kusa da ƙafarsa. Matan da suka kwana uku suna dama giya suka fara ɗaure bakin tuluna, suna zagin Jamus da Saudiyya da zazzaɓi a haɗe. Aboy Gidey ya bi ta gabansa yana dogara sanda.

"Da ka yi ƙaryar ka tsaya a kanta, da yanzu mun kusa cin abinci. Ba ka iya gaskiya ba, ba ka iya ƙarya ba. Me aka koya maka a can?"

Rolf ya matso yana tambayar ko an ɗaga bikin ne, ko za a buɗe musu su ga zanen rufin ko na minti biyar. Hadush ya ce ba za a buɗe ba.

Weldu ya zo dab da shi, fuskarsa ta yi fari kamar rawaninsa.

"Ka huta? Ka taso tun daga Jamus don ka cire wa uwarka jibi daga baki. Ko kare ba ya yi wa..."

"Weldu," in ji tsohuwar.

"Na'am, Adey."

"Kai ka sani."

Weldu ya kawar da kai.

"Da kai nake, Keshi. Ka sani, ka ɗaga gicciye ka tambaya."

"Don ke na yi."

"Don ni. To, na gode. Ku ɗaga ni."

Aka kai ta bakin bangon. Mata biyu suka naɗe mata mayafi a ƙugu don kada fatar ta yanke ta, suka ɗaura igiyar a kai. Saukar da mutum ya fi jawo shi wuya, sai da mutum huɗu masu ƙarfi, na gaba kuma shi ne mai riƙe rai. Weldu ya naɗe hannun riga ya kama gaba. Hadush ya kama bayansa.

Ta lalubi igiyar har ta taɓa hannun farko.

"Na wa ne?"

"Nawa ne, Adey."

"Saki. Na bayanka fa?"

Ta lalubi hannu na biyu, ta gane na Hadush ne.

"Shi ma ya saki. Ɗaya ya yi ƙarya, ɗaya ya sa shi, a ƙofar Mika'ilu. Ba zan rataya a hannunku ba."

"Adey, samarin sun sauka da tuluna," in ji Weldu. "Saura tsofaffi."

"Wancan jibgegen Baturen fa? Na ji muryarsa kamar ta sa. A ba shi. Shi ko bai san abin da yake yi ba."

Dole Hadush ya fassara, don babu mai yi sai shi. Rolf ya dube shi, ya dubi matarsa, ya tuɓe agogo ya ba ta. Ya kama gaba, ya kafa dugadugansa a ramukan da aka nuna masa. Aboy Gidey da wasu dattawa biyu suka jeru a bayansa. Aka zura tsohuwar, fuskarta ga dutse, tafin ƙafarta yana neman wurin takawa.

"A hankali," Aboy Gidey yake cewa, Hadush yana mayarwa da Jamusanci. "Saki kaɗan. Tsaya. Ka ce wa jakin nan ya tsaya! Saki."

'Ya'yanta biyu suna tsaye a gefe, hannu a sake, tazarar mutum uku a tsakaninsu. Igiyar ta yi ta tafiya tana ƙara a bakin dutse, har ta yi sako-sako.

Hadush ya leƙa. Matan da ke ƙasa sun kai hannu za su kwance ta, ta buge hannayen. Ta daɗe tana fama da ƙullin da kanta har ya saku. Ta karɓi sandarta, ta kama kafaɗar wata, ta bi hanyar gari, ba ta ɗaga kai ba.