Huɗar Bahago

Saje Dawuda ya yi shekara talatin da biyar yana rubuta rahoton 'yan sanda, rubutun da babu daɗi babu gishiri, sai ga shi da tsufansa ya zauna a gindin mangwaron gidansa a Zuru ya rubuta littafi sukutum. Maƙwabta sun ɗauka zaman fansho ne ya fara taɓa masa kai. Shi kuwa ya san abin da ke cinsa.

A shekarar 2005 ya ji sanarwa cewa wata ƙungiyar marubuta a Kaduna ta sa gasar labaran bincike da aikata laifi. Wanda ya zo na ɗaya za a buga littafinsa, a kuma riƙa karanta shi a rediyo duk ranar Asabar har ya ƙare. Bugun bai dame shi ba, rediyon yake so. A Manga, ƙauyen manoman da ke kusa da Zuru, ba kowa ke karatu ba, amma da wuya ka ga tsohon da ba ya rataye da rediyo, kuma mutanen Manga yake so su ji labarin nan.

Shekara ashirin da ɗaya kafin nan aka tono gawar wani mai sayen hatsi a wata gonar dawa a Manga. An binne shi a tsakiyar gonar, aka sake yin huɗa a kansa don kada a gane wurin. Mai noman gonar a lokacin wani saurayi ne, Japhet, yana shekararsa ta shida a golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa kafin a ba shi ita. Tunda shi ke gonar, shi aka kama. Dawuda kofur ne a lokacin, kuma ɗan manomi, don haka da ya tsaya a kan kunyoyin ya ga abin da manyansa ba su gani ba. Duk gonar ƙasa ta kwanta gefe ɗaya, yadda garma ke kifar da ita a hannun mai dama. Kunya huɗu kaɗai, waɗanda ke kan ramin, ƙasarsu ta kwanta ɗaya gefen. Bahago ne ya yi su. Japhet ba bahago ba ne, bahago ɗaya tak ke shiga gonar nan, ƙanen mai gona, wanda 'yan'uwansa ke da anini a kafaɗa.

Dawuda ya kai maganar ga babbansa. Babban ya kwashe da dariya, ya ce tun yaushe kunya ta fara ba da shaida a kotu, sannan ya tuna masa cewa sunansa na cikin waɗanda za a ƙara wa igiya. Dawuda ya kama bakinsa, ya sami igiyarsa. Japhet ya mutu a kurkuku bayan shekara huɗu. Bahagon ya mutu a kan shimfiɗarsa da furfurarsa, aka kwana uku ana bikin mutuwarsa.

Mutum zai ce, me zai hana tsohon ya hau babur ya je Manga ya faɗa da bakinsa? Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron bai tsufa tare da shi ba, yana nan da ƙarfinsa. Sai ya sauya sunaye, ya bar gona da garma yadda suke, ya san duk ɗan Manga zai gane, kuma muryar wani ce za ta faɗa a rediyo, ba tasa ba.

Mutum ɗaya ya gaya wa: Beatrice, yayar Japhet, mai sayar da daddawa a kasuwar Zuru, wadda har gobe ake kiran gidansu gidan mai kisa, abin da ya kori manema biyu daga ƙofar 'yarta Goodness. Ya ce mata akwai shaidar da aka danne a lokacin, kuma ya rubuta ta. Bai gaya mata a hannun wa aka danne ta ba. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai ta biyo da daddawa a ƙunshe a ganye.

"Saje, sun yi magana?"

"Tukuna, Maman Goodness. Manya ba su gaggawa."

"Allah shi saka maka. Kai kaɗai ka tuna da yaron ga."

Godiyar nan ta fi zagi yi masa ciwo, amma yana karɓar daddawar.

Wata takwas aka yi kafin a sanar da sakamako. Wanda ya ci, labarin wani matashin jami'i ne mai tabarau da ya bi ɓarayin zinariya daga Abuja har Dubai. Dawuda ya saurari Asabar ta farko. A nan take jami'in ya tsinci katin shaidar ɓarawon a gefen gawa, da hoto da adireshi. Tsohon ya yi dariya har da tari, domin a shekara talatin da biyar bai taɓa gamuwa da ɓarawo mai kirki irin wannan ba. Da dariyar ta ƙare sai ya kashe rediyon, ya daɗe zaune bai motsa ba.

Bayan mako biyu gidan waya ya miƙo masa babban ambulan, littafinsa ne aka dawo da shi, da takardar alƙalai a sama. Yana cikin karantawa Beatrice ta yi sallama da farantinta a kai. Ta riga ta ji a kasuwa cewa labarin Dubai ake karantawa.

"Mi sunka ce ya hana?" Ta sauke farantin ta zauna a kan turmi. "Karanta mani, in ji da kunnena."

Ya so ya ƙaga mata wani abu, amma ƙarya ta ƙi zuwa bakinsa. Ya gyara tabarau.

"Na farko, sun ce Hausata ta yamma ta yi yawa, tana son gyara."

"To. Da wace Hausa za a noma gonar Manga?"

"Na biyu, sun ce ba mai karatun da za shi yarda a gane mai kisa daga kwanciyar ƙasa a kunya."

Beatrice ta yi tsaki. "Mutanen ga ba su taɓa riƙa garma ba. Ko makaho in ya shafa ya san huɗar bahago. Na ukun fa?"

Dawuda ya karanta yadda aka rubuta: "Babbar matsalar labarin ita ce kofur. Ya gano gaskiya tun ranar farko, ya yi shiru saboda igiya ɗaya, ya bar marar laifi ya mutu a tsare. Mai karatu ba zai yarda akwai mutum irin wannan ba, kuma ba zai bi shi har ƙarshen littafi ba. Muna ba marubucin shawara ya sauya ƙarshen, kofur ya yi magana."

Beatrice ta ɗago kai. Tana kallonsa, tana lissafin shekaru a ranta, ta tuna wane ne ya zo gidansu da igiya biyu a hannun riga ranar da aka tafi da Japhet.

"Tun ranar farko," ta ce a hankali. "Saje, wa ne na kofur ɗin ga?"

Dawuda ya sunkuyar da kai. Amsar ke nan.

Ta miƙe, ta ɗaura zanenta da kyau. Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa ya fi son a ce ta ɗaga.

"Ni ban damu da rediyo ba yanzu. Uwarmu ta yi shekara tara bayan Japhet, a bayan cocin ga take zaune, kana wuce ta duk Lahadi kana gaishe ta. Ta mutu tana roƙon Allah shi gafarta ma ɗanta kisan kai. Ta yarda ya yi, Saje. Kalma guda take so."

Ta ɗauki farantinta, ta mayar da ƙunshin daddawar da ta riga ta ajiye masa, ta fita ba sallama.

Dawuda ya jawo littafin, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗauki biro kamar mai shirin bin shawarar alƙalai. A takarda abu ne mai sauƙi, layi biyu sun isa kofur ya buɗe baki. Ya riƙe biron har inuwar mangwaro ta bar kansa, bai rubuta komai ba, domin waɗanda suka fi buƙatar maganar suna ƙarƙashin ƙasa.