Tayar Hagu ta Tirelar Gen-san

Wanda ya yi wa abokinsa ƙarya don abokin ya mutu a kan shimfiɗarsa maimakon a bakin hanya, taimakonsa ya yi ko cutarsa? Sakuma bai san amsa ba a ranar da yake tsugune a bakin garejin maƙwabcinsa Gen, yana kallon tayar da ta ƙi juyawa. Har yau ma bai samo ta ba.

"Tura ta da kyau mana," in ji Gen daga kan kujerar da yake zaune, bargo a gwiwa, siririyar robar iska a hanci. "Ko ƙarfin ma ya yi ritaya tare da kai?"

Sakuma ya tura. Tayar na rataye a kan jak, sabuwa fil, tana ƙamshin roba, amma ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya.

"Wa ya ɗaure notin nan?"

"Ni. Da hannuna, jiya da hantsi."

"Na ga alama. Kai mai walda ne, Gen-san, a wurinka duk abin da ke motsi bai ƙare ba. Boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ba a shaƙe shi. Ana ɗaurewa, sannan a sassauta kaɗan. In ka hau titi a haka, kafin ka kai Asahikawa hayaƙi zai tashi."

"To ga sifana can. Shekara talatin kana gyaran bas, tayar akwatina ba za ta gagare ka ba."

Akwatin dai tirela ce da Gen ya shekara bakwai yana haɗawa da kansa: ƙarfe a ƙasa, katako a sama, taga ɗaya zagayayya, gado mai cin mutum biyu idan ba su yi faɗa ba. Ya yi ta ne don ya kai matarsa Michiyo bakin teku a Haboro, garin da aka haife shi, su kwana suna jin ruwa. Kowace bazara sai wani abu ya rage. Bana ƙananan tayoyin ne ya ce ba za su jure hanya ba, ya sayo manya. Saura boris kawai. Bana kuma likita ya ga abin da ya gani a huhunsa.

Hannun Sakuma ya nufi sifanar, sai ya hangi Michiyo ta tagar kicin, ta daina wanke-wanke tana kallonsa. Mako uku da suka wuce ta tare shi wajen ajiye shara, ta sunkuya har ƙasa, ta ce, "Sakuma-san, kada ka gyara masa. Ranar da tayar nan ta juya zai ja ni mu tafi, kuma ba zai dawo da ƙafarsa ba." Shi kuma ya amsa mata.

Ya janye hannunsa ya goge a wando.

"Tsohon boris ne a ciki, ya riga ya ci. Sababbin da na yi oda ba su iso ba tukuna."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Gen ya daɗe yana dubansa, ya yi 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Shekaranjiya na leƙa ta tagar shagonka. Akwai wani jan kwali na sabon boris a kan kanta, kusa da gwangwanin giris."

Sakuma ya ji wuyansa ya yi zafi.

"Ba ka iya ƙarya ba, Sakuma. Michiyo ce ta iya, shekara arba'in da shida tana ce min miyata ta yi daɗi." Ya gyara bargon. "Bar shi. Sauke jak ɗin kawai, kada tayar ta gaji da jira."

Gen bai sake tayar da maganar ba. Kullum da rana Michiyo takan fito da shi bakin garejin, Sakuma ya zo da dafaffiyar masara daga gonarsa, su zauna suna gardama a kan wanda ya fi taurin kai a unguwar. Wata rana Gen ya roƙi a buɗe masa ƙofar tirelar, ya shiga da kyar, ya kwanta a gadon yana kallon zagayayyar tagar. Katangar Sakuma ce kawai a cikinta, da bokitin shara.

"Tekun ya ɗan yi ƙanƙanta," in ji shi.

Ya rasu da safe a farkon watan Oktoba, a ɗakinsa, hannunsa cikin na matarsa. Abin da ta roƙa ke nan, ta kuma samu. Aka ƙone gawar, aka tsince ƙasusuwan cikin tulu, aka sa tulun a akwati mai farin ƙyalle, ya zauna a falo gaban hotonsa yana jiran cikar kwana arba'in da tara, ranar da za a kai shi kabarin iyayensa.

Sakuma ya daina bi ta gefen garejin. Sai ya zaga ta bayan gida. Yakan zauna a shagonsa ya auna abin ta kowace fuska: da ya gyara, watakila Gen ya mutu a kafaɗar titi, watakila kuma ya ga teku ya dawo ya mutu a ranar da ya mutu ɗin. Ko ta ina ya juya shi, jan kwalin na nan a kan kanta.

Saura kwana huɗu a kai tulun kabari, da hantsi, Michiyo ta tsaya a ƙofar shagon.

"Sakuma-san, kabarin nasu a Haboro yake."

"Na sani."

"'Yarmu ta ce mu hau bas." Ta sunkuyar da kai. "Ni na hana ka, na sani. Ban zo in ce na yi daidai ba. Amma ba na so in kai shi a kan cinyata kamar kayan cefane. Yana da gadonsa."

"Ƙanƙara na iya sauka kowace rana."

"To a yi kafin ta sauka. Motarka na iya ja?"

Sakuma ya miƙe ya ɗauko jan kwalin da gwangwanin giris.

A garejin ya ɗaga tirelar a kan jak, ya kwance notin da Gen ya ɗaure. Sai da ya hau kan sifanar da ƙafa kafin ya motsa. "Tsohon banza," ya faɗa a hankali. Ya cire tsohon boris, ya wanke ƙarfen, ya ɗebi giris a tafin hannunsa na hagu, ya riƙa danna sabon a ciki, gefe bayan gefe, har giris ɗin ya ɓullo ta ɗaya fuskar. Ya mayar da komai, ya ɗaure notin har ya kama, sannan ya sassauta shi kaɗan, ya zura ƙusar da ke riƙe shi.

Michiyo ta fito rungume da akwatin mai farin ƙyalle, ta tsaya a inda kujerar Gen take zama.

Sakuma ya sa yatsu biyu ya tura tayar. Ta juya ba ƙara, ta sake juyawa, su biyun suna tsaye suna kallo, babu wanda ya miƙa hannu ya tsayar da ita.