Cokali Goma Sha Huɗu a Robar Surukata

Surukata ta zo mana kwana uku, sai ga ta a mako na uku. Tun da likita ya ce ta rage sukari matata ta zama 'yar sandan kicin, ita kuma tsohuwa ta koma shigo da lemo a cikin jakar magungunanta.

Ranar Asabar da hantsi ina falo ina kwance fanka, ta fito da wata robar lemo mai hoton mangwaro da ganye kore shar.

"Injiniya," in ji ta. Haka take kirana, ko da yake gyaran firji nake yi. "Karanta mini bayan nan. Wannan 'yar tawa komai sai ta ƙara masa gishiri. Kai kuwa ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Matata ta leƙo daga kicin, wuƙa a hannu, ta kafe ni da ido.

"Mama, sun rubuta sukari giram goma sha ɗaya."

"Kin ji ko? Goma sha ɗaya kacal! Ko jariri ya sha."

Da na yi shiru a nan, da na ci abincin rana da albarkar suruka. Amma wuƙar nan ba ta motsa ba.

"Sai dai, Mama... akwai ɗan rubutu a sama. Wai a cikin kowane mililita ɗari ke nan. Robar kuma ɗari biyar ce."

"Yi mini Hausa."

"Sau biyar za a ninka. Hamsin da biyar."

"Hamsin da biyar ɗin me? Ni giram ban san shi ba, bai san ni ba."

Matata ta dire gwangwanin sukari da ƙaramin cokali da kofin gilashi a gabana. Kowane cokali kamar giram huɗu ne, in ji ta. Na fara zubawa, Mama tana ƙirgawa. A na biyar tana dariya. A na tara ta ce ina cika cokalin da gangan. A na goma sha huɗu ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"To mangwaron fa?"

Na duba jerin kayan haɗi. Ruwa ne farko, sukari na biye, mangwaro yana can ƙasa, kashi biyar cikin ɗari.

"Wato leƙowa kawai ya yi ya wuce," in ji ta.

Ta sa aka kawo wani kofi. Ta tsiyaya lemon ɗan kaɗan, ta cika da ruwan sanyi, ta kurɓa, ta yatsine fuska kamar an ba ta maganin tari. Sai ta miƙo mini robar.

"Ungo, shanye sauran. Ba a zubar da abinci."

"Mama, ai ni..."

"Kyautata za ka mayar?"

Na dubi matata ko za ta cece ni. Ta koma kicin, ina jin dariyarta har da buga tukunya. Na ɗaga roba na shanye cokali goma sha ɗaya a durƙushe, ina godiya.

Kwana huɗu ana haka: ita ɗan kurɓi, ni saura, don jakar maganin ashe roba shida ta ɗauko. A na biyar belt ɗina ya ƙi ramin da ya saba, matata ta kwashe ragowar ta kai wa maƙwabta.

Yanzu Mama ta koma gidanta. Shayinta cokali ɗaya ne, lemo sai ranar da aka yi baƙi. Amma duk ta shiga kanti sai wayata ta yi ƙara, ko da ina kwance a bayan firjin mutane.

"Injiniya, wannan ya ce tara, robar ɗari uku da talatin. Ninka mini, mai kanti yana jira."